Ruwa Yana Shigowa Mazaunin Jirgina ta Magudanan da Ya Kamata Su Fitar da Shi: In Toshe Su Ne?

Baban Khalid:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wata matsala da ta dame ni a ƙaramin jirgina mai tafiya da iska. Tsawonsa mita 5.5 ne, jikinsa na faiba ne, yana da ɗan ɗaki a gaba, sannan a baya akwai buɗaɗɗen mazauni inda mai tuƙi da abokan tafiyarsa suke zama. A ƙarshen mazaunin, daidai inda daɓe ya haɗu da allon baya, akwai magudanai biyu da suka huda allon suka fita waje, waɗanda aka yi domin duk ruwan da ya faɗo ciki ya samu hanyar fita. Idan ni kaɗai nake tuƙi, daɓen a bushe yake. Amma da zarar mun kai mutum uku, sai magudanan su juya aiki, ruwa ya riƙa kwararowa ta cikinsu har ya rufe mana tafin ƙafa, wani lokaci ma ya kai idon sawu a can ƙarshen baya. Wanda yake taya ni gyaran jirgin ya ce in cika ramukan biyu da gam in huta, in ajiye soso da bokiti saboda abin da zai shigo ta sama. Zuciyata ba ta kwanta da wannan shawara ba, shi ya sa na kawo maganar gabanku kafin in taɓa komai. Yawancin lokaci jirgin a kan ruwa yake kwana a ɗaure, idan wannan yana da tasiri a kan amsar.

Baba Kafinta:
Wa alaikumus salam. Ɗana, madalla da ka tsaya ka tambaya, domin abin da ka faɗa a ƙarshe shi kaɗai ya isa ya hana ka toshe ramukan nan. Jirgin da yake kwana a kan ruwa, magudanansa ne suke tsaron sa duk daren da aka yi ruwan sama kai kuwa kana gida. Ranar da ka cika su da gam, mazaunin zai riƙa tara ruwa har ya kai bakin ƙofar ɗakin ya malala ciki, kuma ta wannan hanya ce jirage da yawa suke nutsewa a inda aka ɗaure su ba tare da wata guguwa ta taɓa su ba.

Abin da ka bayyana ba ɓula ba ce. Mazauni irin naka yana zubar da ruwa da kansa ne bisa sharaɗi guda, wato daɓensa ya zama ya fi ruwan waje tudu. Idan nauyi ya danna bayan jirgin har bakin magudanan ya shiga ruwa, na waje zai shigo har sai tsayinsa ya yi daidai da na cikin tafkin ko tekun, daga nan kuma ya tsaya. Saboda haka abin da ya kamata ka bincika shi ne dalilin da ya sa bayan jirgin yake zama ƙasa haka. Ka zaɓi ranar da babu iska, ka auna tazarar da ke tsakanin bakin magudana da fuskar ruwa jirgin babu kowa a ciki, sannan ku shiga ɗaya bayan ɗaya wani yana tsaye a waje yana kallon yadda tazarar take raguwa. Ka kuma duba abin da aka ɗora a baya bayan an ƙera jirgin, kamar inji da tankin mai da batir. Abu na ƙarshe, idan ka fito da shi tudu ka ɗaga goshinsa, ka buɗe matoshin ƙasa ka gani ko akwai ruwan da ya ɓuya tsakanin daɓe da cikin jirgin, domin irin wannan ruwa yakan taru a baya ya ja jirgi ƙasa mai shi bai sani ba.

Ɗan Teku:
Baba, ina tare da ku a kan maganar gam, babu mai hankalin da zai rufe magudana har abada. Sai dai ina ganin akwai hanya ta tsakiya wadda ba ku ambata ba. Akwai matoshi na roba mai ɗan hannu a kansa, wanda idan aka cusa shi a rami aka lanƙwasa hannun sai robar ta kumbura ta kama. Malam zai iya sa su a ranar da ya ɗauki baƙi kuma ruwa yana kwance, ya cire su kafin ya bar jirgin. Mutum ya fita shan iska da iyalinsa ƙafafunsu suna cikin ruwa tun daga tashi har dawowa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ne yake sa mutanen gida su daina bin mai jirgi.

Maman Hauwa:
Ƙanena Ɗan Teku, na fahimci manufarka, amma ina da ja a kanta. Ina koyar da masu fara tuƙi, kuma abin da na fi gani shi ne yanayi ba ya jiran mutum ya shirya. Za a tashi ruwa yana kwance, bayan ɗan lokaci iska ta taso, jirgi ya karkata har gefensa ya ɗebi ruwa. A daidai wannan lokaci hannun mai tuƙi ɗaya yana kan sandar tuƙi, ɗayan yana riƙe da igiyar ƙyallen da iska take turawa jirgi ya tafi, baƙinsa kuma sun tsorata. Wa zai durƙusa ya lalubi matoshi a ƙarƙashin ruwa a can lungun baya? Ƙari a kan haka, durƙusawar a baya ita kanta tana ƙara danna wurin da ya riga ya yi ƙasa. Sannan akwai mantuwa, domin wanda ya dawo a gajiye da yamma yana iya ɗaure jirgi ya tafi ya bar matoshan a ciki, ya koma cikin haɗarin da Baba ya bayyana.

Kafin a sayi komai, ina roƙon Baban Khalid ya gwada sauya wurin zaman mutane. Masu sabon shiga jirgi kullum baya suke taruwa kusa da mai tuƙi, saboda nan ne suke jin sun fi samun natsuwa. Ka zaunar da baƙinka jikin bangon ɗakin, kai ma ka sa wa sandar tuƙi ƙarin hannu domin ka iya matsowa gaba. A jirgi mai wannan tsawo, mutum biyu su matsa gaba da taku ɗaya yana ɗaga bayan jirgin yadda ido zai gani, kuma jirgin zai fi gudu, tunda allon baya ya daina jan ruwa a bayansa.

Injiniya:
Ina so in kawo lissafi kaɗan domin mu san girman abin da muke magana a kansa. Lita 1 ta ruwa nauyinta kilo 1 ne, na teku kuma ya ɗan ɗara haka saboda gishiri. Ruwan sama na milimita 1 idan ya sauka a kan fili mai murabba'in mita 1, lita 1 ke nan. To, a ce buɗaɗɗen wurin da yake tara wa mazaunin ruwa, da kujeru da rufin ɗakin da yake gangarowa baya, ya kai murabba'in mita 3, ruwan sama na milimita 50 zai zuba masa lita 150, wato nauyin manyan mutane biyu, duk a bayan jirgin. Wannan a dare guda ne kawai.

Nauyin ma ba shi ne mafi muni ba. Ruwan da yake sake a wuri mai faɗi ba ya zama inda aka bar shi, yana gudu ne zuwa gefen da jirgin ya karkata ya ƙara masa karkata. Duk wanda ya taɓa ɗaukar ruwa a faffaɗan faranti ya san yadda ƙaramin motsi yake tattara shi gefe guda ya rinjayi hannu, alhali ruwan nan da yawansa idan a kwalba yake ba zai dami kowa ba. Saboda wannan ne saurin fitar ruwa yake da muhimmanci matuƙa.

Hukumar World Sailing, a dokokinta na jiragen da suke tsere a cikin teku nesa da gaɓa, ta ce jirgin da bai kai mita 8.5 ba dole ne magudanan mazauninsa su kai faɗin ramuka 2 masu milimita 25 kowanne, bayan an cire abin da ragar bakin ramin ta tare. Ta kuma ce daɓen ya ɗara fuskar ruwa da aƙalla kashi 2 cikin 100 na tsawon jirgin a inda yake taɓa ruwa, wanda ga jirgin da wannan tsawon nasa ya kai mita 5 zai zama santimita 10. Jirgin Malam ba na irin wannan tsere ba ne, dokar ba ta hau kansa ba, amma ma'auni ne mai kyau. Kuma ko waɗannan ramuka biyu ba su da saurin da mutane suke zato. Idan ruwa mai zurfin santimita 30 ya cika daɓe mai murabba'in mita 1, wato lita 300, lissafi ya nuna zai ɗauki kimanin minti 7 kafin ya gama fita ta ramuka biyu masu milimita 25, domin gudun ruwan yana raguwa ne yayin da zurfinsa yake raguwa. Minti 7 lokaci ne mai tsawo ga jirgin da taguwar ruwa ta biyu take biye da shi. Idan aka ninka faɗin rami sau biyu, filin da ruwa zai bi yana ninkuwa sau huɗu. Ni da za a tambaye ni, in har za a taɓa magudanan nan, to faɗaɗa su ya kamata a yi.

Baban Khalid:
Na gode ƙwarai da waɗannan bayanai, Allah ya saka da alheri. Baba, na yi gwajin da kuka ce. Jirgin babu kowa, bakin magudanan ya ɗara ruwa da kamar faɗin yatsu uku ne kawai. Da na shiga na zauna a inda na saba, ruwan ya zo daidai bakinsu, da na biyu ya shigo kuwa sai suka nutse. Injin da yake rataye a baya wanda ya mallaki jirgin kafin ni ne ya sa shi, kuma da gani ya fi ƙarfin jirgin. Tankin mai da batir duk suna cikin akwatin da ke ƙarƙashin kujerar baya. Da muka fito da jirgin tudu muka buɗe matoshin ƙasa, ruwa ya daɗe yana zuba, kuma ba mu san ta inda ya shiga ba.

Hajiya, na gwada shawararki ma, kuma da mutum biyun suka koma jikin ɗakin ruwan ya ja baya sosai, sai ɗan abin da yake shigowa idan taguwar ruwa ta bugi allon baya. Tambayata yanzu biyu ce: yaya zan gano inda ruwan ƙasan yake shiga, kuma akwai bawul ɗin da zai bar ruwa ya fita amma ya hana shi dawowa?

Baba Kafinta:
To, yanzu mun iso kan ainihin ciwon. Ruwan da ya zuba daga ƙasa ya fi na mazaunin damuna nesa ba kusa ba, domin shi ba ya tsayawa da kansa, kuma babu magudanar da take fitar da shi. Farkon inda zan zarga shi ne magudanan su kansu. A irin wannan ƙira, ɗan gajeren bututu ne yake ratsa allon baya, kuma da shekaru gam ɗin da ke kewaye da shi yakan tsage. Duk lokacin da bakin ya nutse, wani ruwan yana shiga mazauni ka gan shi, wani kuma yana bin tsagar ya sauka ƙasa inda ba ka gani. Bayan su sai kusoshin da suka riƙe allon juya jirgi da na marataya inji, da robar matoshin ƙasa idan ta bushe, da kusar da allon tsakiya, wato allon da ake saukarwa ƙarƙashin jirgi domin kada iska ta tura shi gefe, yake juyawa a kanta.

Hanyar ganowa ba ta da wuya. Ka busar da cikin jirgin sarai, ka barbaɗa hoda ko garin alli a kewayen duk wuraren nan ta ciki, sannan wani ya riƙa zuba ruwa da tiyo daga waje wuri ɗaya bayan ɗaya, yana farawa daga ƙasa yana hawa sama. Ruwan zai zana maka hanyarsa a cikin hodar. Idan wurin rufaffe ne hannu ba ya shiga, sai ka shafa ruwan sabulu a kan haɗe-haɗen daga waje, ka hura iska kaɗan ta ramin matoshi ka nemi inda kumfa take tashi. Na ce kaɗan, da baki ko da ƙaramin famfon hannu, domin iska mai ƙarfi tana iya raba daɓe da jikin jirgi. Idan ka gano wurin, ka kwance abin gaba ɗaya, ka kankare tsohon gam, ka duba ko katakon da ke cikin allon baya ya jiƙe ya ruɓe, ka bar shi ya bushe, sannan ka mayar da shi a kan sabon gam na jiragen ruwa. Shafa gam a kan tsaga daga waje ba ya daɗewa. Ka kuma guji silikon, domin yana barin maiƙon da yake hana wani gam kamawa daga baya.

Game da bawul, ga magudanar da ta fita kai tsaye ta allon baya, abin da na fi yarda da shi shi ne fallen roba da ake ɗaurawa daga waje, wanda ruwan ciki yake turawa ya buɗe, na waje kuma ya danna shi ya rufe. Ba ya tare ruwa ɗari bisa ɗari, amma yana hana bugun taguwar da ka ambata, kuma idonka yana ganin sa. Akwai mai ƙwallo a ciki, akwai kuma wanda ake sa wa a tsakiyar tiyo, sai dai ganye ɗaya ko ɗan guntun igiya ya isa ya maƙale su, ko dai a buɗe ko kuma a rufe, kuma suna rage faɗin hanyar da Injiniya ya nuna mana tun farko ba ta wadata ba. Idan duk wannan bai wadatar ba, gyara na dindindin shi ne a ɗaga daɓen da 'yan santimita a mayar da magudanan sama.

Injiniya:
Baba, a kan duk abin da kuka faɗa ina tare da ku in ban da ɗaga daɓe, wanda nake ganin ya kamata ya zama mataki na ƙarshe. Idan daɓe ya hau, kujeru sun zama gajeru, ƙafar mutum ba ta samun abin tokarawa lokacin da jirgi ya karkata, wanda ya miƙe tsaye kuma kansa ya ƙara kusantar sandar ƙyalle ta kwance. Mafi muhimmanci, tazarar da ke tsakanin daɓe da bakin ƙofar ɗaki ta ragu, wato ruwa kaɗan ne zai taru kafin ya fara shiga ciki. Kayan aikin su ma nauyi ne da za a ƙara a wurin da muke so mu rage. Abin da na fi so shi ne shimfiɗar katako mai ramuka da ake ɗorawa a kan daɓe, ruwan ya riƙa kai da kawo a ƙarƙashinta ƙafafu suna bushe, kuma ana iya ɗage ta a wanke. Amma ina kyautata zaton idan Malam ya fitar da ruwan da ya ɓuya, ya mayar da batir gaba kusa da tsakiyar jirgin ya ɗaure shi sosai, ya kuma sauya injin da ƙarami, ba zai buƙaci ko ɗaya daga cikin biyun ba. Tankin fetur kam kada a shigar da shi ɗaki, ya zauna a inda iska take ratsawa.

Baba Kafinta:
Maganar bakin ƙofa gaskiya ce, Injiniya. Duk wanda zai ɗaga daɓe dole ya ɗaga bakin ƙofar tare da shi. Amma akwai jiragen da tun daga ƙira daɓensu ya yi ƙasa, kuma su babu yawan sauya wurin kaya da zai wadatar da su. Mu jira mu ga awon da zai samu bayan ya rage nauyin.

Ɗan Teku:
Na karɓi gyaran Hajiya a kan matoshi, ko da yake har yanzu ina ganin yana da amfani a ajiye su a jirgi ɗaure da igiya kusa da ramukan, saboda ranar da fallen roba zai yage. Amma me zai hana a sa ƙaramin famfo mai aiki da batir, mai makunnin da yake tashi da kansa idan ruwa ya taru? Da shi an huta da maganar ruwan sama da na ƙasa gaba ɗaya.

Injiniya:
Famfon lantarki yana da kyau a can ƙasan jirgin, inda ruwa ba shi da hanyar fita da kansa, amma bai kamata a jingina rayuwar jirgi a kansa ba. Batir yana ƙarewa, makunnin yana maƙalewa da datti, wayoyi suna cin tsatsa a wuri mai laima. Yawan ruwan da ake rubutawa a jikin famfo kuma an auna shi ne ba tare da ya ɗaga ruwan sama ba, don haka da zarar an sa masa tiyo mai hawa abin da zai bayar ya ragu. Akwai kuma illar da ba a cika lura da ita ba, wato famfo mai tashi da kansa yana ɓoye ɓula, mai jirgi ya riƙa ganin ciki a bushe alhali ruwa yana shiga kullum. Idan za a sa, bututunsa ya fita waje ta nasa ramin sama da ruwa, kada a haɗa shi da magudanan mazauni. Dokokin da na ambata sun hana wannan haɗi, sun kuma wajabta bokiti 2 masu ƙarfi, kowanne ya ɗauki aƙalla lita 9, kowanne da igiyarsa, ko da jirgin yana da famfo.

Maman Hauwa:
Tunda an zo maganar bakin ƙofa, bari in tsaya a kanta, domin a wurina ita ce ta fi komai a cikin wannan zance. Mazauni ya cika da ruwa abu ne da jirgi mai kyau zai jure, matuƙar ruwan ya tsaya a mazaunin. Abin da yake nutsar da jirgi shi ne ruwan ya samu hanyar wucewa ciki, kuma hanyoyin biyu ne: ƙofar ɗaki da murafen akwatunan kujeru. A yawancin ƙananan jirage akwatin kujera a buɗe yake zuwa cikin jirgin ta ƙasa, murfinsa kuwa nauyinsa ne kawai yake riƙe da shi. Idan jirgi ya kwanta a gefensa sai murfin ya buɗe ruwa ya zuba kai tsaye. Ka sa wa kowane murfi robar baki da sakata mai kamawa. Allunan da ake zurawa a ƙofar ɗaki kuma, na ƙasa ya zauna a wurinsa duk lokacin da iska ta yi ƙarfi, kuma a ɗaure shi da igiya yadda ba zai zame ya faɗa ruwa ba. A tseren Fastnet na watan Agusta 1979, tsakanin Ingila da Ayilan, jirage 303 ne suka tashi, guguwa ta same su, matuƙa 15 suka rasa rayukansu, kuma daga cikin abubuwan da binciken da ya biyo baya ya nuna akwai yadda waɗannan alluna suka riƙa ficewa daga ƙofofi lokacin da jirage suka kife, ruwa ya samu shiga. Waɗancan manyan jirage ne a teku, amma ƙofar naka ta fi tasu kusa da ruwa.

Sauran kuma yana hannun mai tuƙi. A rage ƙyalle tun iska ba ta fi ƙarfin jirgi ba, a sassauta igiya idan iska ta bugo maimakon a bar gefe ya nutse, kuma kada a ƙulle igiyar babban ƙyalle yadda ba za a iya sakinta nan take ba.

Abban Sadiya:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa tambayar, tunda ta yi kusa da wannan. Nawa jirgin ƙarami ne buɗaɗɗe, ba shi da ɗaki, kuma daɓensa yana ƙasa da ruwan waje, saboda haka magudana irin ta Baban Khalid ba za ta yi mini aiki ba. Ruwana daga feshin gaba yake zuwa, da kuma bakin akwatin allon tsakiya, wanda yake tofo ruwa idan jirgin ya ɗauki gudu. Mene ne abin yi?

Maman Hauwa:
Malam, irin naka ne muke koyarwa da su. Feshin gaba ana rage shi da 'yan alluna biyu da ake kafawa a kan rufin goshi gaban sandar ƙyalle ta tsaye, su haɗu a gaba su buɗe ta baya, domin su karkatar da ruwan zuwa gefe kafin ya iso mazauni. Bakin akwatin allon tsakiya kuma ana yi masa murfi ta sama, ko a manna falle biyu a ƙarƙashin jirgin su rufe tsagar su bar allon yana ratsawa. Abin da ya shigo duk da haka, akwai ƙaramar na'urar ƙarfe da ake dasawa a ƙasan jirgi, wadda ake dannawa ta leƙa ƙarƙashin ruwa, gudun jirgin ya sa ta riƙa tsotse ruwan ciki tana fitarwa. Ana kiranta da sunan Paul Elvstrøm, matuƙin nan ɗan ƙasar Denmak da ya ci zinare a gasar Olamfik sau 4 a jere daga 1948 zuwa 1960, wanda shi ne ya fito da wannan ƙira. Sai jirgi yana gudu take aiki, idan gudun ya ragu a rufe ta, kuma lallai a rufe ta kafin a ja jirgi kan yashi ko a ɗora shi a tirela, in ba haka ba za ta lanƙwashe. Tare da ita ka riƙe abin kwarfar ruwa da aka yanka daga jarkar roba, mai faffaɗan baki da zai kwanta a kan daɓe, ka ɗaure shi da igiya domin kada ya tafi ranar da jirgi ya kife. Ka kuma riƙa gwada akwatunan iskan jirgin, domin su ne za su riƙe shi a sama har ka kwarfe shi.

Baban Khalid:
Ina sake godiya ga kowa. Hodar ta nuna abin da Baba ya zarga: ruwan yana bin gefen bututun magudanar hagu ne yana sauka ƙasa, kuma akwai ɗan tsatsafi a ɗaya daga cikin kusoshin marataya inji. Na fasa maganar toshewa. Zan cire bututun biyu in sa masu faɗi, in ɗaura musu fallen roba daga waje, in mayar da batir gaba, in nemi ƙaramin inji, sannan in sa wa murafen kujeru sakata kamar yadda Hajiya ta ce. Abin da ya rage mini shi ne tamfol. Tunda magudanan za su zauna a buɗe, akwai buƙatar in riƙa rufe mazaunin idan zan bar jirgin?

Baba Kafinta:
Akwai buƙata, ɗana, saboda ganye da ƙura da gashin tsuntsaye su ne suke toshe magudana, kuma tamfol yana tare su tare da mafi yawan ruwan. Sharaɗin shi ne ya samu tudu a tsakiya. Ka ɗora shi a kan sandar ƙyalle ta kwance, ka ja gefunansa su sauka wajen jirgin su ɗame, domin tamfol ɗin da aka shimfiɗa a kwance yakan lotsa ya tara ruwa, nauyin ya ja gefunan ciki, a ƙarshe ya juye duka a mazaunin lokaci guda. Ka bar ɗan buɗi gaba da baya iska ta riƙa ratsawa saboda laima. Bayan kowane ruwa mai yawa ka je ka duba, ka zuba bokiti ɗaya a daɓe ka ga ko magudanan biyu suna ja daidai.

Kafin ka sa sababbin bututun, ka tsokani katakon da ke cikin ramin da bakin sukudireba. Idan ya yi taushi ko ya yi baƙi, ka sassaƙe har ka kai mai ƙarfi, ka bar shi ya bushe sosai, ka cike gurbin ka kuma shafe bakin ramin da gam mai tauri yadda ruwa ba zai sake taɓa katakon ba. Idan ka gama ka mayar da jirgin ruwa, ka sake auna tazarar nan babu kowa a ciki da kuma mutum uku a ciki, ka kawo mana awon, domin da shi ne ni da Injiniya za mu san ko maganar ɗaga daɓe tana nan ko ta wuce.